Saboda huhun tunkiya aka rataya mini taya a Nima

Hajiya Sa'adiyya, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in yi aika-aika. Da hannun hagu nake rubuto miki, na dama yana cikin filasta.

Aikina koyar da yara a wani gidan nunin kayan kimiyya a nan Accra. Bana aka tura mu kwas na ƙaro ilimi, inda aka ce mu daina yi wa yara surutu a gaban gilashi, mu ba su abu su taɓa da hannunsu. Aka nuna mana yadda ake sa wa huhun tunkiya tiyo a hura shi da famfon keke, ya kumbura ya saɓe. Wallahi ni da gemuna sai da na yi ihu. Sharaɗin samun takardar shaida kuwa, kowa ya je unguwarsu ya koyar da darasin.

Na sayi huhu da zuciya da idanun tunkiya wajen Ƙasimu, mahaucina na Sabon Zongo, na zuba a kula. Ina sauka daga motar haya ta trotro a unguwarmu Nima wani ya bangaje ni, murfin ya buɗe, ido ya gangara ƙasa. Wata mata ta kurma ihu wai sassan mutum ne. Hajiya, ban ko buɗe baki ba. Katako, bulo, bel, har da kujerar mai sayar da waake, shinkafa da wakenmu na nan. Suka karya mini hannu da haƙarƙari, haƙorina na gaba ya tafi, jini ya rufe mini ido. Sai na ji nauyin taya a wuyana, na ji warin fetur. Wani limami ne ya kwanta a kaina har 'yan sanda suka iso.

Wanda ya rataya mini tayar Iddrisu ne. Layinmu ɗaya, ni na riƙe masa rago ranar sunan 'yarsa. Ya aiko wai jini ne ya hana shi gane ni. To in baƙo ne, halal ne a ƙone shi? Kullum ina ganinsa yana shan shayi yana dariya. Na sayi adda, tana ƙarƙashin katifata, na wasa ta har tana aske gashi. Masu kwas sun ɗaga mini ranar darasin, amma ni ba darasi ne a raina ba, hannunsa na dama nake so.

Wanda aka zalunta, Nima.

Ɗana, na karanta wasiƙarka. An zalunce ka, kuma uzurin Iddrisu ya fi laifinsa muni. Ba zan ce ka yafe yau ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.

Amma ka duba ɗaya gefen. Iyayen unguwa sun sha jin labarin masu tsafin kuɗi, tsoro ya cika su, kai kuma ka ratsa su da idanu a kula ba tare da mai unguwa ko limami ya san da zuwanka ba. Wannan bai halatta ko mari ɗaya ba, sai dai masu kwas ɗinku sun koya muku hura huhu, sun manta da sallama. Ka gaya musu haka, domin abokan karatunka ma za su shiga unguwanninsu.

Har yanzu akwai masu raɗa cewa ƙila dai akwai wani abu. Ranar da ka sari Iddrisu ka ba su hujja: za a ce ashe gaskiya ne, mai yanka mutane ne. Kai kurkuku, darasin kuma ya mutu a Nima.

Ka ɗauki takardar asibiti ka shigar da ƙara, ka ambaci sunansa, hukuma ta bi maka hannunka. Sannan ka je wurin limamin da ya kwanta a kanka, ka roƙi harabar makarantarsa. Ƙasimu ya yanka tunkiyar a gaban iyaye, ya ciro huhun kowa yana kallo, yara su buga famfon tunda hannunka bai warke ba. Ka gayyaci 'yar Iddrisu, ita ba ta yi maka komai ba.

Allah ya ɗora ƙashin, ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka takardarka. Addar kuwa ka miƙa wa mahaifiyarka yanzu, kafin ka juya wannan shafin.