Keken da Na Zaɓa wa Baba

Alhamis, 23 ga Mayu, 2024

Tsohon nan zai kashe ni da taurin kai. Alhaji Yari ya sake aiko cewa yana son gonarmu ta Gidan Katta, ni kuwa da kuɗinta nike son kafa teburin canjina a bakin iyaka, in huta da zama yaron wani. Baba ya ce muddin yana iya kai kanshi gonar, ba mai sai da ita. Kai kanshi! Mutumin da tun da babur ya kaɗe shi ƙugu ya goce, sai ya dafa bango yake tashi daga sallah. Ya rantse shi da babur har abada, wai keke zai saya.

Mu je zuwa, mahaukaci ya hau kura.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na raka shi kasuwa wurin Lawwali mai kekuna 'yan Kwatano. Tsofaffin kekunan hawan tudu ne, ƙarfe zalla, taya kamar ta babur. Biyu sunka rage masu kyau. Akwai kore, sandar tsakiyarshi ta sauko ƙasa, ƙafa kaɗan za ka ɗaga ka hau. Baƙin kuwa dogo ne, sanda a miƙe har ƙugun mutum, ga nauyin tsiya.

Baba ya hau koren, ya zaga rumfa ya dawo yana murmushi. Rabon da in ga haƙoranshi har na manta. Nan take na gane in ya tahi gida da wanga keke, teburina ya sha ruwa. Sai na ɗaga murya yadda 'yan teburin mai shayi za su ji, na tambayi Lawwali ko ba irin wanga ba ne matan Turawa ke zuwa cefane da shi. Anka kwashe da dariya. Wani ya ce saura kallabi.

Lawwali ya harare ni, ya soma maganar ƙafar Baba. Na ce mi ya sami ƙafar? Baba Usmanu guda, da ya ka da maza a kokawa har Kwanni ta Nijar?

Baba ya sauka a hankali. "Ba ni baƙin," ya ce. Ko gwadawa bai yi ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Ƙafar ba ta haye sanda. Ya taka turmi ya gwada, shi da keken sunka zube cikin kwata. Ƙanwata Ramatu ta ce Allah na kallona. Na ce ni ma Yana kallon yadda nike ƙirga sefar wasu tun asuba.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi shuka. Tura keken Baba yake yi. Kullum da safe sai ya ɗaure kalmenshi na noma a sanda ya kama hanya a ƙasa, keken na gefe, yana jan ƙafa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce sarƙa ce ta fita. Yau da ya dawo na tambaye shi ko keken ya ƙoshi da ciyawa, tunda kiwo yake kai shi. Ya jingine keken ya shige ɗaki. Na ji daɗin maganar, har na maimaita ta a bakin iyaka.

Laraba, 19 ga Yuni

Gwiwar Baba ta kumbura kamar kabewa. Ko sallar Idi bai je ba. Gero na can ciyawa na cin shi. Saura ƙiris.

Juma'a, 28 ga Yuni

Ya kira ni ɗakinshi bayan masallaci. Yana kwance, fuska ga bango. Ya ce in kira Yari.

Na miƙe ke nan ya ce, "Sufyanu, tun a kasuwa na san abin da kake nuhi. Ba dariyar mutane ta sauke ni daga koren ba. Taka ce."

Na ce to, ni dai ban tilasta wa kowa ba. Na hita. Tuwon Ramatu yau ba gishiri, na bar mata abinta.

Talata, 2 ga Yuli

Ban kira Yari ba. Ba don komi ba, ba a sai da gona ciyawa ta rufe ta, taya ta zai yi a wulaƙance. Shi ya sa na kai baƙin wurin mai walda ya ɗora mai kariya, wurin zaman mutum, a baya. Dole wani ya nuna mini iyakar gonar, ni ban santa ba.

Ramatu ta kama Baba ya zauna a kaikaice. Ya ƙi riƙe ni, sirdi ya riƙe. Haka munka wuce gari. Keken nan da nike ta zagi da nauyi, sai tahiya yake kamar ni kaɗai ne a kai, tsabar ramar da tsohon ya yi.

Sai da na waiwaya in ga ko yana nan.