Reshen Magaryar Kura da Aka Ƙwace a Ƙofar Gandun Mpunzi

Daga: Khethiwe Zwane, a madadin mahaifinta Mzikayifani Zwane,
Gida mai lamba 214, Mazaɓa ta Bakwai, Sihlangwini.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Sihlangwini, kuma Shugaban Kwamitin Amintattu na Gandun Dajin Mpunzi.

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

GAME DA: ƘWACE RESHE DAGA HANNUN WANI DATTIJO A ƘOFAR GANDU RANAR 27 GA AFRILU, DA ROƘON A BA SHI DAMA YA KAI ƊANSA GIDA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto ta ne da yawun mahaifina, dattijo ɗan shekara tamanin da shida wanda bai yi boko ba. Ni ce bakinsa a ranar da abin ya faru, ni ce kuma bakinsa a nan. Na jera koke-koken da lamba, domin magatakardanka ya ce in ba haka ba ko kallon takardar ba za a yi ba.

1. Kai ba sai an gabatar maka da Sibonelo Zwane ba, amma saboda fayil zan faɗa. Yayana ne. Ya faɗi ranar 9 ga Maris, 1988, yana ɗan shekara ashirin da biyu, a gindin dutsen da ke bakin rafin Mpunzi, cikin gonar Bature Labuschagne, inda aka haife mu kuma aka kore mu a 1979. Ku huɗu ne a rundunarku ta gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata. 'Yan sanda suka tafi da gawarsa, har yau ko ƙashinsa ba mu gani ba. Kai ne ka kawo mana labarin, lokacin ana kiranka Kwamared Bhejane, ƙafarka tana zubar da jini. Marigayiya mahaifiyata ta ɓoye ka a rumbu kwana shida, ni nake kai maka tuwon masara da kindirmo. Ranar da za ka tafi ka durƙusa gaban Baba ka ce, "Baba, ran da ƙasar nan ta dawo hannunmu, ni da kaina zan raka ka ka ɗauko shi." Maganarka ce, ban ƙara mata gishiri ba.

2. Da aka yi sulhu aka ce mu yafe, mun yafe. A zauren sulhu Baba ya miƙa hannu ya gaisa da mutumin da ya harbe ɗansa, saboda ku shugabanni kun ce haka ake gina ƙasa. A 1998 muka cike takardun neman filin kakanninmu. A 2009 aka tara mu a rana, aka yi rawa, aka ce an dawo mana da shi. Abin da ya dawo dai takarda ce a cikin gilashi. Filin kuwa an ba da hayarsa na shekara arba'in da tara ga kamfanin 'ya'yan Labuschagne ɗin nan, aka zagaye shi da waya mai lantarki, aka zuba raƙuman dawa, aka naɗa ka shugaban masu kula mana da amanarsa. An haƙa wa dorina tafki, an haƙa wa baƙi wurin wanka, mu kuwa famfon mazaɓarmu rabonsa da ɗigo tun bara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wannan Baba bai taɓa kawo ƙararsa ba, ba kuma shi ya kawo ni yau ba.

3. Abin da ya nema guda ɗaya ne. Kowane Bazulu ya san shi, amma zan bayyana domin lauyan gandun. Wanda ya mutu a daji, kurwarsa tana nan inda ya faɗi sai an je an ɗauko ta. Ana yanko reshen magaryar kura, babban mutumin gidan ya kai shi wurin, ya kira mamacin da sunansa ya ce taso mu tafi gida. Daga nan har a shiga gida, mai riƙe da reshen ba ya waiwaye, ba ya sakinsa, ba ya kuma magana da kowa sai da mamacin. In ya yi, kurwar ta sauka a nan wurin. Shi ya sa ake tafiya da mai rakiya wanda zai riƙa amsa wa mutane. Na rubuto neman izinin shiga ranar 14 ga Agusta, 2022, da 3 ga Yuli, 2023, da 19 ga Fabrairu na bana. A karo na uku aka ba mu awa biyu, ta ƙofar ma'aikata, ranar Asabar 27 ga Afrilu.

4. A ranar Baba ya sa kwat ɗinsa ta coci. Tun jajibiri ya yanko reshen a bayan gidanmu, ya ɗaura masa farar tsakiyar wuya ta mahaifiyata. Da muka isa gindin dutsen sai muka tarar an kafa dandamalin katako a kansa, baƙi suna shan shayi suna kallon namun daji. Baba ya matsa kusa da dutsen. Ya ajiye sandarsa, ya durƙusa a kan gwiwoyin da likita ya hana shi lanƙwasawa, ya ja reshen a ƙasa, ya kira ɗansa da kirarin gidanmu. Ya ce, "Sibonelo, ni ne. Na makara, ka yafe mini. Uwarka ta gaji da jira ta tafi. Taso mu je gida." Wata baƙuwa ta ɗauke shi hoto, ya shanye. Ya miƙe ya kama hanya yana gaya wa ɗansa, ga rafi za mu tsallaka, ga gangara ka yi hankali. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun ina budurwa.

5. Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata muka iso ƙofa. Shugaban masu gadi ya tare mu, ya ce doka ta goma sha biyu ta hana fita da kowane irin tsiro daga gandu. Na nuna masa takardar izini. Na nuna masa gindin reshen ya riga ya bushe, alamar ba yau aka yanke shi ba. Maigadi Cele, wanda ya gan mu da shi lokacin shiga, har hularsa ya cire ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba itace ba ne, mutum ne." Shugaban nasu ya ce shi ba a ɗauke shi aikin sauraren tatsuniya ba, kuma ba mai iya ɗage doka sai shugaban amintattu. Baba yana tsaye a rana, leɓunansa suna motsi, yana lallashin ɗansa ya ƙara haƙuri.

6. Ana cikin haka sai ga jerin motocinka, ka zo liyafar cikar 'yanci shekara talatin. Na ce Allah ya kawo mu ƙarshen wahala. Na sha gaban motarka, gilashi ya sauka kamar faɗin tafin hannu. Ka dubi reshen, ka dubi tsakiyar, ka dubi Baba. Na ce, "Bhejane, Sibonelo ne." Ka ce, "Mama, ku rubuto a takarda, ofis zai duba." Mama! Ni da na wanke maka ƙafa a rumbu, yau ni ce Mama irin ta bakin titi. Gilashi ya koma sama.

Ranka ya daɗe, ba zan bar jaki in daki taiki ba. Shugaban masu gadi baƙo ne, jahilci ya yi. Kai kuwa da irin wannan reshe aka ɗauko mahaifinka daga ramin ma'adinai, muna cikin 'yan tarba. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa, ka hana.

7. Motarka ta ƙarshe tana wucewa, shugaban masu gadi ya fizgi reshen. Baba ya riƙe da iyakar ƙarfinsa, ƙayar ta tsaga masa tafin hannun dama. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Sakar mini ɗana!" Yana rufe baki ya gane abin da ya yi. Ya yi magana da wani. Mutumin da bai yi kuka ba ranar da ka kawo labarin mutuwa, na gan shi zaune a kan kwalta yana kuka, daga ciki kuma ana jiyo amsa-kuwwa tana rera waƙoƙin gwagwarmaya.

8. An ba ni rasit, ga kwafinsa haɗe da wannan takarda. An rubuta, "Itace, guda ɗaya." Kujeru uku muka kama a motar haya ta komawa, kamar yadda aka saba, ta ukun domin mamacin, amma ta koma ba kowa. A gida dangi sun taru, akuya tana ɗaure, giyar dawa ta nuna. Suka ga hannun Baba suka watse ba wanda ya tambaya. Yau kwana tara ba ya cin abin kirki. Ma'aikaciyar jinya ta ce zuciyarsa ta yi rauni, kada mu yi dogon buri. Abin da yake maimaitawa shi ne, da ya sani ya bar yaron a gindin dutse, can aƙalla akwai inuwa da ruwa, maimakon ya yar da shi a ƙofa inda motoci ke taka shi.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ofishinka:

(a) Ya ba da umarni a rubuce cewa Baba zai dawo ƙofar da sabon reshe da akuyar ban haƙuri ga mamacin, ya fita ba wanda ya tare shi, kafin ƙarshen wannan wata.

(b) A mayar mana da tsakiyar mahaifiyata. Tsohon reshen kada a ba masinja, kada a jefa shi a shara, mu za mu ɗauka da hannunmu.

(c) Ka zo da kanka ka tsaya a ranar, kamar yadda ka yi alkawari a durƙushe. Ba jawabi, ba 'yan jarida. Yin shiru na awa ɗaya ba ya kisa, Baba ya gwada.

Ba diyya muke nema ba. Na san zaɓe ya ƙarato, don Allah kada a aiko mana da riga mai hoto ko ƙunshin kayan abinci, za su koma yadda suka zo.

In kuma duk wannan ya fi ƙarfin ofishinka, to ina sanar da kai a hukumance cewa Kwamared Sibonelo Zwane yana tsaye a ƙofar gandunka tun ƙarfe goma sha biyu saura na ranar 'yanci. Duk ranar da za ka shiga cin abinci, ka sa direba ya rage gudu, ka sauke gilashi har ƙasa ka gaishe shi. Shi bai manta fuskarka ba.

Ina jiran amsa da dukkan girmamawar da kujerarka ta cancanta. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da tuna baya.

Taka mai biyayya,

Khethiwe Zwane

Mai ƙorafi: Mzikayifani Zwane. Ya dangwala da babban yatsan hagu, domin hannun dama yana ɗaure.