Kun Hana Malam Shiga da Silifas, Ni Kuma Sai Na Ga Bayan Ɗakin Abincinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ya karɓi hayar lambun wasan yara na bayan ganuwa.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na aiko maka wannan takarda ta jarida ne domin sau uku ina zuwa ofishinka da ke cikin lambun, sau uku sakatarenka yana ce mini ka yi tafiya, alhali ga motarka nan a inuwa ana goge ta. Tunda ba za ka saurare ni a ɗaki ba, to ka saurare ni a gaban mutanen Kano.

Sunana Hajiya Falmata, ina zaune a unguwar Sheshe, a gidan da kakan maigidana ya gina lokacin da ya zo daga Barno. Maigidana, Malam Bukar, mai sayar da huluna ne a kasuwa, shekararsa ta haura saba'in. Ni kuma sana'ata girki. Shekara goma sha uku na yi ina sayar da abinci a cikin wannan lambu da ka karɓa, a rumfar kwano ta gindin darbejiya, kusa da lilo. Mu mata biyar ne a jere. Shinkafa da miya naira arba'in, taliya da wake naira ashirin, zoɓo naira biyar. Yaron da ya zo ba ko sisi kuma ba ya tafiya da yunwa.

Da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun jama'a, ni ma na bi layi cikin rana na dangwala yatsa. Ba a rufa shekara ba aka ba kamfaninka lambun. Manajanka ya tara mu, ya ba mu kwana bakwai mu kwashe tukwanenmu, ya ce za a gina ɗakin cin abinci irin na manyan otal-otal, wai an wuce zamanin cin abinci a kan benci. Na kwashe kayana na tafi. Na koma girkin biki da suna, kuma Allah bai hana ni abin rufin asiri ba. Don haka kada wani ya ce maka baƙin cikin korata ne ya sa na ɗauki biro. Da wannan ne, da tuni na rubuto.

Abu na farko shi ne abin da aka yi mana a bakin ƙofa. Rana ta uku ta babbar sallar da ta wuce, jikokinmu huɗu suka matsa sai an kai su lilo. Malam ya ce zai raka mu, ya ga yadda aka gyara wurin. Yana da ciwon sukari. Ya sha maganinsa da safe, kuma likita ya gargaɗe mu kada ya wuce azahar bai ci abinci ba. Saboda haka na zuba dambun shinkafa da naman sallah a kula, na cika gora da kunun aya. Muka biya kuɗin shiga. Mai gadi ya buɗe kular, ya ce ba a shiga da abincin waje, doka ce daga sama. Na yi masa bayanin ciwon Malam har sau biyu. Ya ce, "Hajiya, ai akwai abinci a ciki, na zamani ma." Muka bar kular da gorar a ɗakinsa.

Na biyu, ƙofar ɗakin abincin. Da yara suka gaji da wasa, wajen ƙarfe ɗaya, muka nufi wurin. Wani ma'aikaci mai farar riga da ɗan ƙyalle a wuya ya dubi Malam daga hula har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafunsa. Ya nuna wani allo da aka rubuta da Turanci, ya ce ba a shiga da silifas. Ranka ya daɗe, ƙafafun Malam a kumbure suke, shekara biyu ke nan rabonsa da takalmi rufaffe. Ko masallacin Juma'a da silifas ɗin yake zuwa, babu wanda ya taɓa tare shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ba komai, ku shiga da yara, sai ki miƙo mini nawa." Ya je ya zauna a kan dakalin siminti a cikin rana, domin darbejiyoyin nan duk kun sare su kun yi wurin ajiye motoci.

Na uku, farashi. Aka kawo mini takardar jerin abinci cikin bango mai ƙyalli, babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki. Babbar jikata, 'yar aji shida, ita ta riƙa karanta mini. Shinkafa da cinyar kaza naira ɗari huɗu. Kwalbar lemo naira tamanin, alhali a kowane shago ashirin da biyar ce. Ruwan sha a gora naira ɗari, kuma babu randa, babu ruwan leda. A ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa za a ƙara kashi goma cikin ɗari kuɗin hidima. Na dubi teburan da ke kewaye da ni. Na ga wani magidanci da 'ya'ya biyar ya sayi faranti biyu suna rabawa, shi ya naɗe hannu yana kallon silin. Kun hana mutane shigo da nasu, kun kori masu sayar da na araha, sannan kun kafa farashin da kuka ga dama. Wannan ba kasuwanci ba ne, tarko ne, kuma da 'ya'yan mutane kuka ɗana shi.

Duk da haka na ce a kawo faranti uku, ɗaya a gaggauta domin akwai mara lafiya a waje. Aka ce ba a fita da faranti. Na ce a zuba mini a leda. Aka ce ba tsarin gidan ba ne. Na ce to a kawo, ni na san yadda zan yi. Muka zauna kusan awa guda. Sau ɗaya na fita na duba Malam, ya ce lafiya lau yake, ko da yake na ga gumi a goshinsa. Da na san abin da zai biyo baya, da a lokacin na koma wurin mai gadi na ƙwato kulata da ƙarfi. Ban yi ba, saboda kunyar kada a ce tsohuwa tana rigima a gaban jikokinta. Wannan kason laifin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi. Sauran duk naku ne.

Na huɗu, abincin kansa, kuma a nan ka ba ni dama in yi magana a matsayin wadda ta shekara talatin a gindin murhu. Wanda ya karɓi kuɗin babban otal, dole ya kawo girkin babban otal. Shinkafar da aka dire mana ta jiya ce, an ɗumama ta da mai da kori don ta yi launi. Daga ƙamshinta na gane. Kazar ta ƙone a waje, a jikin ƙashi kuwa jini ne. Kabejin gefe ya yi laushi har ya fara tsami. Abin da aka rubuta masa dogon suna aka sa masa naira ɗari da hamsin, da aka kawo wa teburin kusa da mu, zoɓo ne, an tsinka shi da ruwa an soka masa yankan abarba a bakin kofi. An ɗauke wuta, ba a tayar da janareta ba, tagogi kuma duk gilashi ne da ba ya buɗuwa. Wuƙa da cokali mai yatsu da farin ƙyallen tebur ba sa gyara girki, Alhaji. A rumfata ta kwano ban taɓa sa wa ɗan wani shinkafar da ta kwana ba.

Ina cikin juye faranti ɗaya a ledar da na ciro daga jakata, ma'aikacin yana tsaye a kaina yana cewa ba a haka, sai na ji ana ƙwala mini kira daga ƙofa. Tabawa ce, wata dattijuwa mai shara da muka saba tun ina da rumfa. Ita ma ba a bari ta shigo ba, daga bakin ƙofa take ihu: "Hajiya, fito, Malam ya faɗi!"

Na tarar da shi a ƙasa, goshinsa ya bugi gefen dakali yana zubar da jini, jikinsa yana karkarwa, yana kallona bai san ni ba. Na gane sukarinsa ne ya yi ƙasa. Na koma ciki da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa, na buɗe firji na ɗauko lemo. Mai karɓar kuɗi ya riƙe ƙofa ya ce a biya tukuna. Na jefa masa abin da hannuna ya kama a jaka. Tabawa ta tallafi kan Malam, na riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan har idonsa ya dawo. Wani bawan Allah da ban san sunansa ba ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibiti. Kafin motar ta tashi, ma'aikacinku ya biyo mu har bakin titi da takardar kuɗin faranti uku da babu wanda ya ci, da kuɗin hidima a kai. Na biya. Rasit ɗin yana nan a ƙasan akwatina.

Malam ya kwana biyu a asibiti, an yi masa ɗinki a goshi. Ciwon ya warke. Abin da bai warke ba shi ne, a lokacin faɗuwar ya kasa riƙe kansa, rigarsa ta jiƙe a gaban jikokinsa da taron 'yan sallah. Da izininsa na rubuta wannan, bayan na yi ta roƙonsa. Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo zaure, ya yi wata guda bai je rumfarsa ta kasuwa ba. Daga kamfaninku ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Da ɗana ya je karɓo kular, ya tarar da ita wayam, an cinye dambun har an wanke.

Yanzu ga abin da na yi, da abin da zan yi, domin ba na son a ce na yi maka a ɓoye.

Ni mai girkin biki ce. Daga Sheshe zuwa Madabo har Kabuga, da wuya ka nuna gidan da ban taɓa ɗora tukunya a tsakar gidansa ba. Duk gidan da na shiga, kafin in hura wuta sai na ba da labarin nan daga farko har ƙarshe, ba ƙari ba ragi, domin ba ya buƙatar ƙari. Na bi shugabannin makarantun Islamiyya da na boko da ke kai yara wurinku a ƙarshen zango. Huɗu daga cikinsu sun riga sun sauya wuri. Sauran ina kan hanyarsu.

Sannan na nemo 'yan'uwana mata huɗu da kuka kora tare da ni. Mun kama hayar fili a tsallaken titi, daidai saitin ƙofarku, da takardar izini daga ƙaramar hukuma, hatimi da sa hannu, don haka kada manajanka ya wahalar da kansa zuwa wurin 'yan sanda kamar yadda ya yi a makon farko. Mun kafa rumfa, mun shimfiɗa tabarmi, mun ajiye randa biyu kyauta. Shinkafa da miya naira hamsin. Duk mai zuwa lambunku da yara, a wurinmu yake fara tsayawa, su ci su ƙoshi, su shiga su yi wasa, su wuce ɗakinku na gilashi ko waiwaye ba sa yi. Ribar da nake samu a nan ba ta kai rabin ta girkin biki ba. Na sani. Ba riba na fito nema ba. Kuma ka tambayi manajanka inda masu fararen rigunansa suke cin abincin rana. Suna tsallako titi ɗaya bayan ɗaya, su cusa ƙyallen wuyan a aljihu, su zauna a bencina. Ina zuba musu, domin su ma 'ya'yan talakawa ne da aka ba umarni. Kai nake nufi, kai da ka ba da shi.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka cire allon nan na takalmi. Ka bar iyaye su shiga da abincinsu, musamman marasa lafiya da masu goyo. Ka ajiye ruwan sha kyauta, ka dasa bishiya a madadin waɗanda ka sare. Idan za ka ci gaba da karɓar ɗari huɗu, ka nemo wanda ya iya girkin ɗari huɗu. Kada a taɓa aikin Tabawa saboda na ambaci sunanta. Idan aka taɓa, gidan rediyo zan nufa da ita, kuma za ka ji muryata a motarka. Na ƙarshe, ka zo Sheshe da ƙafarka, ba manaja ba, ba takarda ba, ka shiga zaure ka ba Malam haƙuri a gaban mutanen unguwa. Kuɗin asibiti ba na so, mun biya.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirye ka, ya tsare iyayenka daga wulaƙanci a hannun ma'aikatan wani. Ina kuma roƙonsa ya bar ni da ƙarfin gwiwata har ranar da zan ga an sa kwaɗo a ƙofar wannan ɗaki, idan ba ka gyara ba.

Malam ya ce in rubuta maka cewa shi ya yafe. Na rubuta, domin amana ce ya ba ni. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni kam ban yafe ba, kuma gobe da ƙarfe goma na safe za ka ga hayaƙin murhuna daga tagar ofishinka.

Wassalam.

Hajiya Falmata Bukar,
Unguwar Sheshe, cikin birnin Kano.