Rabi a Bargo, Rabi a Waje

Zuwa ga Maman 'Yar Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya ki dawo mana. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakar karatun.

Kada hankalinki ya tashi, amma 'Yar Baba zazzaɓi take yi. Da na ɗauko ta daga wurin mai raino, na ji wuyanta kamar butar shayi. Ni da ban san kowa a garin nan ba, sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabta.

Tsohuwar ƙasan bene ta ce in lulluɓe ta har ta yi gumi. Matar tela ta ce kashe ta zan yi, in tuɓe ta in goga mata ruwa. Dukansu sun haihu, dukansu sun girme ni. Sai na rufe ta da bargo daga ƙugu zuwa ƙasa, sama kuma ina gogawa da tsumma. Telan ya leƙo ya tambaya ko rabin 'yar nake so ta warke.

Ke ya kike yi ne? Kullum ina ganin kina kara kumatunki a goshinta, ban taɓa tambayar me kike ji ba.

Mijinki,
Dogo

Maman 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan Inna ta fara cin abinci.

Na kai ta asibiti. Sun soki yatsanta suka ɗebi jini, suka ce zazzaɓin ba na cizon sauro ba ne. Na tsaya jiran allura, nas ta ce babu. Wai in daina kallon zafin, in kalli yarinyar. In tana shan ruwa tana wasa, in ƙyale ta. In ta takura, in ba ta maganin ruwan da ta ba ni, daidai layin da ta nuna mini a jikin ma'auni. In ta yi laushi ko ta ƙi sha, in dawo a guje. Na ce to a bar wuta a jikin yaro? Ta ce jikin ne ke faɗa da ciwon. Ban gane ba, amma na ce to.

Tun lokacin nake zaune ina kallonta, aiki ma ban je ba. Ɗazu na kai kumatuna goshinta irin naki. Ta ture ni, ta ƙwace burodin da ke hannuna, ta ce Mama take so.

Har yanzu da ɗumi. Amma burodin ta cinye.

Naki,
Dogo