Munduwar Innata da Zakin Hajiya Talatu

Zuwa ga Shugaban Masu Tantance Tsofaffin Kayan Azurfa, Springfield.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali lafiya, ranka ya daɗe, ga kacici-kacici: jiya yana cikin miya, yau yana hannun amarya, har da takardar shaida. Mene ne? Riƙe amsarka tukuna.

Ni ce tsohuwar da ta zo wurinku ranar Asabar bayan ƙaramar sallah, tare da jikata Ummi da kakarta ta wajen uba, Hajiya Talatu. Kowaccenmu ta ba Ummi munduwar azurfa ta biki, yarinya ta ce a duba mata su.

Ga kokena. Na ɗaya. Ma'aikacinka ya leƙa ta Talatu da madubi, ya ga ɗan zaki da haruffa, ya miƙe tsaye kamar ya ga surukinsa. Wai hatimin Ingila ne, nan take ya rubuta takarda. Tawa kuwa sau biyu ya juya ta, ya ce babu hatimi, an kuma taɓa ta, ba zai sa hannu ba.

Na biyu. An taɓa ta, ban musa ba. Abincin ƙasarku ne ya kumbura mini hannu, na kai ta wurin wani maƙeri a Landover aka faɗaɗa, wuta ta cinye alamar. Amma da akwai: ɗigo uku da ƙafar kaza, alamar Ɗanjuma maƙerin unguwarmu a Zariya, wanda ya narka kuɗin azurfa ya ƙera wa Innata. 'Yar'uwar munduwar tana hannun ƙanwata, alamarta raɗau. Don maƙerinmu bai zana zaki ba, shi ke nan bai yi aiki ba?

Na uku. Tun ranar nan Ummi ta jefa tawa a durowa. Talatu kuwa ta sa wa takardar gilashi ta rataye a falo, ko ruwa ta miƙo maka sai ta sako zancen zaki. Ba kishi nake ba. To, ina yi, sai me?

Roƙona, saura wata guda biki. Ga hoton ta ƙanwata, a gwada su, a ba ni tawa takardar. In kuma taɓawa ce laifi, a duba na kowa da ido ɗaya.

Allah ya ƙara maka girma, ya ƙara wa ma'aikacinka hasken ido. Wassalam.

Kakar Ummi ta wajen uwa.

Af, amsar. Munduwar Talatu ce. Cokalin miya ne aka buge masa baki aka lanƙwasa, zakin ma na cokalin ne.