Maigidana Zai Mayar da Tarhon da Ɗanmu Yake Kira

Goggo Wietske,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan gaya wa wannan magana. A ƙauyenmu in kika yi tari a bakin coci, kafin ki isa gida maƙwabciya ta aiko miki da zuma. Shi ya sa na ga gara in rubuto miki. Sunayen da zan ambata na sauya su, ko da yake wanda ya san mu zai gane.

Kin dai ji batun sauya lambobin tarho. Tun ina yarinya ƙauyenmu yake da lambarsa ta kansa, wadda na nesa ke fara bugawa kafin lambar gida. Yanzu kamfanin tarho ya ce daga watan Oktoba an soke ta, za a haɗe mu da ƙauyukan da ke kewaye a ƙarƙashin lambar birni, lambar kowane gida ma sai an sauya ta. Da wani birnin ne da sauƙi. Amma wannan birnin shi ya ɗauke mana masana'antar madara inda rabin mazan ƙauyen suke aiki, ya ɗauke gidan waya, likitanmu ma da ya yi ritaya ba a kawo wani ba, aka ce mu riƙa zuwa can. To da aka ce lambar ma za ta tafi, sai mutane suka ce ai saura sunan ƙauyen kawai.

Maigidana, Hessel, makiyayin shanun madara ne, kuma ba mai magana ba ne. Shekarunmu talatin da 'yan kai da aure ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a wani taro ba, ko na coci. Amma ranar da aka yi taron farko a zauren bayan coci sai ga shi ya miƙe, hula a hannu, ya yi magana. Kowa ya juyo yana kallonsa, ni ma haka. Kafin a tashi an naɗa shi shugaban kwamiti. Tun daga nan bai zauna ba. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya hau jirgin ƙasa zuwa ofishin kamfanin, an yi hira da shi a rediyon lardi, ya hau rufin rumfar shanu ya rubuta tsohuwar lambar da farin fenti yadda masu wucewa a kan ganuwar da ke tare ruwan teku za su gani. Mai gidan burodi ma har ya fara zana ta da sukari a kan burodin Asabar. Da farko dariya abin ya riƙa ba ni, ina cewa tsufa ya zo wa Hessel da siyasa.

Sai in koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ki gane damuwata ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, Siebe. Uban ya so ya gaji gonar, shi kuwa tun yana ƙarami teku ce a ransa, ba ya son warin garke. Shekara shida ke nan suka yi wata rigima a tsakar gida, da rana tsaka, maƙwabta suna ji. Abin da Hessel ya ce masa na ƙarshe shi ne, "In ka fita, kada ka sake neman gidan nan." Ya kuwa fita. Kusan shekara biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai wata rana tarho ya yi ƙara na ɗauka na ji muryarsa. A jiragen kamun kifi yake aiki, yau Norway gobe Iceland, ba shi da adireshi tsayayye. Yakan bugo daga tashar jiragen ruwa sau biyu ko uku a shekara, ba sanarwa, mu yi magana har kuɗin da ya zuba a tarhon haya su ƙare. In uban ne ya ɗauka, sai ya ce "Ga mamanka," ya miƙo mini, ya shiga kicin wanke hannu. Famfon kuwa sai ya buɗe shi kaɗan-kaɗan don kada ƙarar ruwa ta hana shi ji. Ba ya tambayata komai. Sai can muna cin dankali ya ce, "Ana sanyi a can?" ba tare da ya kama suna ba.

Rabon da Siebe ya bugo tun farkon bazara, kafin a yi wannan sanarwa, don haka bai san komai ba. Ni ban ma haɗa abubuwan biyu ba sai wani hantsi muna shan kofi, Hessel yana ta juya takardar kamfanin a hannunsa. Sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wanda ke nesa in ya bugo ya ji layi a mace, me zai ɗauka?" Na ce wa ke nan? Ya ce, "Mutane dai. Masu sayen maruƙa." Goggo, mai sayen maruƙanmu a ƙetaren gada yake, a keke yake zuwa. Na ƙara masa kofi.

Yanzu ga inda abin ya cakuɗe. Kamfanin ya aiko da amsa, cikin ladabi, cewa ba abin da zai sauya. A taron Asabar da ta wuce sai Bouke mai garejin gyaran mota ya kawo shawara: ranar ɗaya ga Satumba kowane gida ya sa a yanke layinsa, a tara tarhon a kan amalanken ciyawa, a ja da tarakta har ƙofar ofishin kamfanin a zube musu, mu zauna haka sai sun sauko. Zaure ya ɗauki tafi. Bouke ya juyo yana murmushi ya ce, "Na shugaba za a fara ɗorawa, ko ba haka ba, Hessel? Ko jarumtar ta rediyo ce kawai?" Na ga fuskar maigidana ta canza. Sai ya ce, "Nawa ne na farko."

A tsakiyar Satumba ranar haihuwata take, kuma tun da Siebe ya fara bugowa ita ce ranar da bai taɓa tsallakewa ba.

Da muka dawo gida na ce masa tarhon nan ba inda za shi. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane. Tun ranar muke zaune kamar baƙi biyu a masauki, sannu da aiki, na gode da abinci. Shekaranjiya a kanti matar Bouke ta ce mini, "An ce ke ba kya son rabuwa da naki, ko akwai wanda ake jira ne?" Ta san sarai wanda nake jira, ai a kan idonta ya girma.

Abin da ke damuna shi ne ba na son in kunyata shi. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da mutane suke tsayar da shi a hanya don su ji ra'ayinsa, har tafiyarsa ta canza. Kuma ni ma ina ganin ƙauyenmu yana da gaskiya, an daɗe ana yi mana yadda aka ga dama. Amma ba zan iya zama in kalli bango ranar haihuwata ba. Na yi tunanin in ɓoye tarhon a gidan 'yar'uwata, na yi tunanin in je wurin Bouke in roƙe shi a ɓoye, na kuma yi tunanin in gaya wa Hessel kai tsaye cewa na san dalilinsa na gaskiya. Sai dai shi mutum ne da in aka taɓa masa inda ke ciwo, sai ya tare a garke ya daina magana da kowa sai shanu. Yaya zan yi?

Matar shugaban kwamiti

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a ganina ba mugu a gidanki, mutum biyu ne suke jiran kira ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Bari in fara da ƙauyenku. Fushinsu yana kan hanya, kuma kada ki ɗauka duk abin da maigidanki ya yi don Siebe ne kawai. Mutum yana iya tsayawa don ɗansa ya kuma tsaya don garinsu a lokaci guda. In kika ce masa kin gano shi, kin kwashe masa rabin gaskiyarsa, kuma zai ji kamar kin tuɓe shi a kasuwa. Don haka wannan hanyar ki bar ta. Ɓoye tarho da zuwa wurin Bouke a bayan idonsa ma ki bar su. A ƙauye irin naku kafin Lahadi ya ji, kuma kunyar za ta fi wadda kike gudar masa.

Amma shawarar Bouke ba ta da kyau, ko da ba Siebe. Ke kika ce likitanku yana birni. Tsohuwar da ta faɗi a kicin da me za ta kira shi? Saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama, wa zai nemo likitan dabbobi? Kamfanin ba zai ji komai a jikinsa ba, ku za ku ji. Na tabbata da yawa daga cikin waɗanda suka yi tafi sun koma gida suna wannan lissafi, suna jiran wanda zai fara faɗa. Wannan aikin shugaba ne, kuma ba ja da baya ba ne. A ja amalanken zuwa birni, a cika shi da tsofaffin tarho da suka lalace, a kira 'yan jarida, amma a bar layukan. Sa'annan kwamiti ya nemi abin da zai iya samu: a bar tsohuwar lambar tana aiki tare da sabuwa na tsawon lokaci, bayan nan kuma duk wanda ya bugo ta ya ji murya tana gaya masa sabuwar. Ku tambaya, ku sa a ba ku amsa a rubuce. In Hessel ya dawo wa ƙauye da wannan, ya dawo da wani abu a hannu.

Na biyu, kada ki zauna jiran Satumba. Ki tuna sunan jirgin da ya ambata na ƙarshe da tashar da ya bugo daga ita. Yawancin manyan tashoshi suna da gidan saukar ma'aikatan jirgi, kuma sun saba isar da saƙon iyaye. Ki tambayi abokansa na makaranta, wataƙila ɗaya yana da labarinsa. Ki aika kati da sabuwar lambar duk inda kike zaton zai kai gare shi.

Sai dai ki san wannan. Namijin da ya yi shekara shida yana ratsa teku ba zai kasa nemo lambar gidansu ba in yana so. Abin da zai hana shi nema shi ne ya ɗauka da gangan aka rufe, saboda maganar da aka yi masa a tsakar gida. Hessel ya san haka, shi ya sa ya kasa zama. Maganar nan kuwa ba kamfani ko kwamiti da zai janye ta, sai wanda ya faɗe ta.

Ki sami Hessel a bakin aiki, kuna gefe da gefe, hannunsa yana kan wani abu, ba a kan tebur kuna kallon juna ba. Ki faɗi naki tsoron kawai: kina tsoron ɗanki ya bugo ya tarar an yanke. Ki gaya masa a fili tarhon zai zauna, ki gaya masa yanzu tun da sauran lokaci, kada ki bari sai tarakta ta tsaya a ƙofa. Ki bar shi ya ce don ke ya yi, ba laifi, maza da yawa ta wannan ƙofar suke shigowa. Bayan kwana biyu ki ajiye katin a gabansa da alƙalami, ki ce akwai wuri a ƙarƙashin sunanki. In ya sa hannu, kada ki ce komai. In ya ƙi, ki aika haka, ki kuma gaya masa kin aika.

Ba zan yi miki alkawarin za su shirya bana ba. Shekara shida ba ta warwarewa da kati ɗaya, kuma shi ma Siebe yana da nasa taurin kan, kin san inda ya gado shi. Amma ke kin daɗe kina tsaye a tsakaninsu kina isar da gaisuwar da ba wanda ya aiko. Lokaci ya yi da za ki ɗan matsa gefe su ga juna.

Allah ya dawo miki da shi lafiya, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya kuma ba ƙauyenku abin da ya fi alheri.

Goggo Wietske