Baƙar Lambar Motar Baba

Dona Zuleica,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Shekarata hamsin da biyu, amma kwanakin nan kuka nake kamar yarinya.

Mahaifina, Olavo, yana da wata jar mota ƙirar Dodge mai fulogi takwas da ya saya sabuwa fil kafin a haife ni. Duk garinmu Uberaba an san ta. Kowace Lahadi bayan coci sai ya kai ta dandalin da masu tsofaffin motoci ke taruwa, a buɗe bonet, a sha kofi, a yi ta musu. Abokansa na tsokanarsa wai in Mama da motar suka faɗa rijiya, motar zai fara cirowa. Labari ya bazu cewa irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ko ƙusa ɗaya ba a taɓa canza mata ba. Baba bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, murmushi kawai yake yi. Mutum ne da yana kwance a ɗaki, mota ta wuce a titi, zai gaya miki fulogin da ke fashi.

Kin san baƙar lamba, wadda ake ba tsohuwar motar da ke nan yadda kamfani ya ƙera ta. Duk abokansa sun samu. Shi kuwa kullum sai ya ce ba ya son wahalar takardu. To yanzu ciwon daji ya kwantar da shi, Mama kuma ta rasu bara. Sai na ce bari in faranta masa rai. Na durƙusa gaban gadonsa na yi alkawari zai ga baƙar lamba a motarsa kafin ya cika tamanin da biyu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To 'yata, mu gani."

'Yan ƙungiyar tsofaffin motoci suka zo dubawa. Suka goge dattin da ke kan lambar injin, suka karanta ta. Ashe injin na babbar motar ɗaukar kaya ne. Na ruga wurin Baba Tião, tsohon makanikinmu, da niyyar in ci mutuncinsa, a zatona shi ya sace injin. Sai ya zaunar da ni. Ya ce lokacin da Baba ke aikin dam a Itaipu, yana wata da watanni bai zo gida ba, sanƙarau ya kama ni ina 'yar shekara uku. Mama, wadda ko tuƙin kirki ba ta iya ba, ta sa ni a motar ta nufi asibiti, lagireto ba ruwa. Ni na rayu, injin ya buga. Tana kuka ta roƙi Tião ya sa wani kafin Baba ya dawo, kuma ya rufa mata asiri.

Yayana Valdir ya ce mu buga lambar bogi mu nuna wa Baba ta taga, ai ba tashi zai yi ba. Ni zuciyata ta ƙi. Amma ta yaya zan ce wa mai jinya abin alfaharinsa jabu ne, matarsa ta ɓoye masa, kuma ni ce sanadi? Kullum na shiga ɗakinsa sai ya bi ni da ido. Ina tsoron ya tafi da ƙaryata, ina tsoron gaskiyar ta ƙarasa shi.

'Yar mai jar mota, Uberaba

*

'Yar uwata,

Allah ya ba Baba sauƙi, ya jiƙan Mama.

Kada ki ga laifin Valdir, tausayi ne ya sa shi. Amma ki bar zancen lambar bogi. Laifi ne a doka, kuma abokan Baba za su zo dubiya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki kuma cire "ni ce sanadi" daga bakinki. Yarinya mai zazzaɓi ba ta da laifi, uwar da ta ƙona inji don 'yarta ma haka.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Kin ce Baba na gane ciwon mota da kunne daga kan gado. Kina jin zai dawo daga Itaipu, ya murza makulli, bai ji muryar ta sauya ba? Kin ce bai taɓa yin alfaharin da bakinsa ba, kuma kullum yana ƙin neman lambar, sai bayan rasuwar Mama ya ce "mu gani". Ba zan rantse ba, amma a ganina ya sani tun ranar farko, ya yi shiru don kada matarsa ta ji kunya. Kallon da yake miki, ina jin jira yake ya ga ko kin gano.

Ki kai masa kofi da safe, ku biyu kawai. Kada ki fara da lamba, ki fara da ranar da Mama ta kai ki asibiti, ki bar shi ya ƙarasa. In kuwa bai sani ba, to kin ba shi labarin matarsa da ya fi kowace lamba. Sannan Valdir ya kawo motar gindin taga ya tayar da ita, Baba ya saurara, hannunki cikin nasa. Kada ki jira ranar haihuwarsa, ki yi gobe.

Allah ya sanyaya muku zuciya.

Dona Zuleica